Numfashin da Lanre Ya Bar Min

Ranar Talata ce da hantsi, cikin watan Yuli na shekarar dubu biyu da huɗu. Ina kan keke ina ɗinkin ankon zumuntar mata a shagona da ke kasuwar Samaru, sai na hango Chinelo ta tsallako titi da waya a hannu.

Chinelo ce mai lemar waya a gaban shagona, inda ake biya a yi kira. A lokacin ba ni da waya, ta wurinta Lanre yake samuna. Idan shi ne, tun daga ƙarƙashin lema take ɗaga min wayar tana kashe ido ɗaya. Ranar ba ta ɗaga ba. Ta shigo, ta zare yadin da ke ƙarƙashin allura, ta ce in sauke ƙafata daga kan keke tukuna.

Motar da ta ɗauko Lanre daga Ogbomosho ce ta haɗu da tanka bayan an wuce Jaji. Shi da abokinsa Nelson, babu wanda ya kai asibiti da rai. Abin da ya rage musu su shigo Zariya bai kai tafiyar awa ɗaya ba.

Ban yi kuka ba. Ƙirjina ne ya ƙulle. Ina jan iska tana tsayawa a maƙogwaro, kamar an matse min wuya da ɗankwali. Na dafe marata, domin akwai cikin wata huɗu a jikina, kuma duk Samaru daga ni sai Chinelo muka sani.

Sunana Tabitha. A aji shida na tsaya da karatu, saboda haka yadda abin ya faru haka zan faɗe shi.

Lanre mai gyaran keken ɗinki ne a Sabon Gari, da gyara ya fara zuwa shagona. Ranakun Asabar kuma yana busa ƙaho a badujalar cocinsu, irin ƙahon nan na ƙarfe mai maɓallai uku, a wajen biki ko jana'iza. Shekara uku yana nemana, shekara uku Baba yana hana shi ƙetare ƙofar gidanmu. Baba dattijo ne a ikilisiyarmu, ya yi ritaya daga aikin gonar gwaji, ni kaɗai ce 'yarsa, mahaifiyata ta daɗe da rasuwa. Yakan ce shi ba ƙabila ce ta dame shi ba, ai duk Yesu ɗaya muke bi. Amma ba zai ba da ni ga mai bin gawa da ƙaho ba, wanda wata rana zai kwashe ni ya yi kudu, a bar shi da kaji. Wanda Baba yake so shi ne Malam Japheth, malamin firamare a Palladan.

A watan Fabrairu muka gaji. Muka je ofishin rajista aka ɗaura mana aure, Chinelo da Nelson suka sa hannu. Na ci gaba da zama a gidan Baba kamar babu abin da ya faru. Lanre ya ce ba zai ɗauke ni kamar kayan sata ba, sai ya je gida ya roƙi wan mahaifinsa ya zo ya nemi aurena a gaban Baba yadda ya kamata. Tafiyar ke nan da ya yi.

Takardar auren kuwa ya naɗe ta ya cusa a bayan ƙyallen da ke cikin akwatin ƙahonsa. Ya ce nan ne kaɗai mamarsa ba ta bincikawa.

*

Aka binne shi a Sabon Gari. Na tsaya can baya cikin baƙi, kamar wadda ta zo kallo. 'Yan badujalarsu suka yi masa busa, wurin tsayuwarsa babu kowa.

Kwana tara bayan haka na durƙusa gaban Baba na gaya masa komai. Yana gyaran fitila, bai ɗago ba har na gama. Abu ɗaya ya tambaya.

"Ina takardar?"

Na ce tana cikin akwatin ƙaho. Ya ce ina akwatin. Na ce yana ɗakin Lanre. Ya ce to shaidu fa? Na ce Nelson ya rasu, amma ga Chinelo. Ya ce Chinelo ƙawata ce, ko na ce ta rantse cewa na auri gwamna za ta rantse. Washegari na je ofishin da aka ɗaura, na tarar da kwaɗo a ƙofa, maigadi ya ce ma'aikata suna yajin aiki, bai san ranar dawowa ba.

A ikilisiyarmu idan mace ta yi ciki babu aure, ana sa ta a horo. A kira sunanta ranar Lahadi a gaban jama'a, ta koma bencin baya, ba ta cin jibin Ubangiji. Kuma Baba ne mai karanta sanarwa. Shekara goma sha ɗaya yana karanta sunayen 'ya'yan wasu.

Da yammacin Laraba ya kira ni ya ce ya yi magana da Malam Japheth, kuma Japheth ya yarda. Ranar Asabar mutanensa za su zo, a yi a gama kafin ciki ya fito. Ya ce shi ba tilasta ni yake yi ba, na wuce shekara ashirin da bakwai, za a tambaye ni a gaban kowa. Amma in sani, idan na ƙi, ranar Lahadi da bakinsa zai kira sunana, daga nan ya ajiye dattijantakar.

Na buɗe baki in yi magana, abin nan ya taso. Ƙirji ya ƙulle, kunnuwana suka ɗauki ƙara, yatsuna suka yi sanyi. Ko kalma ɗaya ta ƙi fita. Baba ya jira, ya jira, sannan ya ce tunda ban ce komai ba, ya fahimta.

A nan tsoro ya kama ni sosai. Idan haka ta faru ranar Asabar, shiruna za a ɗauka a matsayin amsa.

*

Alhamis Chinelo ta rufe lemarta ta ja ni awo. Nas ɗin da muka samu sunanta Martina, wata gajera mai faɗa. Ta ɗaura min abin awon jini, ta duba, ta sake ɗaurawa. Ta ce jinina ya fara hawa, ta tambaya ko ina barci. Na ce a'a. Ta ce ina cin abinci? Chinelo ta ce ƙarya zan yi, ba na ci.

Ina cikin ba ta labari abin ya sake tasowa. Martina ta jawo kujera ta zauna gabana, ta kama hannuna ta ɗora a kan cikina. Ta ce in daina kokawa da iska. In shaƙa ta hanci a hankali har ciki ya tura hannun, kada kafaɗa ta ɗaga, sannan in saki ta baki kamar mai hura koko mai zafi, fitar ta fi shigar tsawo.

Sai na fashe da kukan da ban yi ba tun ranar Talatar nan.

Domin na san wannan abin. Ranar da muka je rajista, muna zaune a benci muna jiran a kira mu, tsoron Baba ya sa na fara haki. Lanre ya yi dariya ya ce haka sababbin masu busa suke yi, suna numfashi da kafaɗa kamar kaza ta sha gudu. Ya ce mai ƙaho da cikinsa yake numfashi. Ya koya min: huɗu a shaƙa, takwas a saki. Kuma kafin kowace shaƙa, a danna yatsu uku a gwiwa ɗaya bayan ɗaya, kamar maɓallan ƙaho.

"Na farko ni," ya ce. "Na biyu ke. Na uku wanda zai zo."

Na nuna wa Martina. Ta ce mai ƙahon nan ya fi wasu likitoci iya bayani. Ta ce in riƙa yi safe da yamma, da duk lokacin da abin ya taso, in takwas ta yi min yawa in tsaya a shida, kada in riƙe numfashi da ƙarfi. Amma ta ɗaga min yatsa ta ce wannan ba zai tsaya a madadin magani ba. Ta ba ni ƙwayoyi, ta ce in na ga ƙafa ta kumbura ko ciwon kai mai tsanani ko ido yana ganin taurari, kada in tsaya ƙirga komai, in hau acaɓa in zo.

Da muka dawo na tarar da Malam Japheth a bencin shagona, da jakar littattafan 'yan makaranta a cinya. Ba mugu ba ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Shekara biyar yana kawo min wando ɗaya ina rage masa tsawo don dai ya samu dalilin zuwa.

Ya ce ya san ba shi nake so ba. Ya ce ba zai taɓa goranta min ba, abin da zan haifa zai riƙe shi kamar nasa, ya sa shi a makarantarsu. Idonsa ya kawo ruwa, nawa ma. Na ce Malam, na gode, amma ni matar aure ce. Ya sunkuyar da kai ya ce mijin yana ƙasa, Tabitha, shi kuwa yana nan.

Sannan ya faɗi sharaɗinsa. Ɗaya ne tak.

"Yaron zai ci sunana. Kuma ba za a ambaci wancan a gidana ba, ko sau ɗaya. Ba zan iya kishi da kabari ba."

Bayan ya tafi na zauna ina kallon kekena. Lanre ne ya sa masa sabon bel. Na ce wa Chinelo gobe zan je Sabon Gari.

*

Iya Lanre, haka kowa yake kiran mahaifiyarsa, tana sayar da robobi a kasuwar Sabon Gari, shekara arba'in tana Zariya. Ban taɓa shiga gidanta ba. Na same ta zaune a tabarma a baranda cikin baƙaƙen kaya, masu gaisuwa sun ragu. A bayanta ga ƙofar ɗakin Lanre da sabon kwaɗo.

Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta. Ta dube ni tun daga ɗankwali har silifa.

"Ke ce 'yar Samaru."

Na ce ni ce, Mama.

Ta ce kada in kira ta Mama. Ta ce saboda ni ya hau hanya da damina. Shekara uku ubana yana wulaƙanta mata ɗa, yana kiransa mai bin gawa, duk labari yana zuwa mata. Yanzu me na zo nema, ragowar me?

Na gaya mata batun rajista, da ciki, da takardar da ke cikin akwati. Ta yi wata dariya marar daɗi. Ta ce Lanre ba ya ɓoye mata komai, da ya yi aure da ta sani. Ta ce haka ake yi, namiji ya mutu sai a fara zuwa da ciki. Ɗakin kuma dangin ubansa ne suka kulle, mabuɗi yana Ogbomosho a aljihun wan mijinta, ba mai buɗewa sai an yi kwana arba'in an zo rabon kaya. Ita kanta ba ta isa ta taɓa kwaɗon ba, balle wata baƙuwa.

Na ce gobe Asabar za a ba da ni. Ta ce Allah ya sa albarka, ta juya fuska.

Na miƙe. Taku uku na yi, tsakar gidan ya fara juyawa. Na lallaɓa na zauna a kan wani turmi da aka kife a bakin kicin. Wuyana ya shaƙe, zuciyata tana bugawa har cikin haƙora. Abin da ke raina kawai shi ne kada in faɗi a kan cikin nan.

Na ɗora hannun hagu a ciki. Na dama a gwiwa. Na danna na farko, na biyu, na uku. Na shaƙa, iskar ta tsaya a biyu. Na saki. Na sake dannawa. Wannan karon ta kai uku. A karo na biyar ko na shida cikina ya tura hannuna, na ji iska ta sauka har ƙasa, na sake ta a hankali har takwas.

Da na buɗe ido, Iya Lanre tana tsaye a kaina. Ba fuskata take kallo ba, yatsuna take kallo.

"Wa ya koya miki wannan?"

Na ce Lanre.

"Yatsun nan. Me ya ce miki a kansu?"

Na faɗa mata. Na farko shi, na biyu ni, na uku wanda zai zo.

Ta dafa bango. Da ta fara magana, ba da ni take yi ba sosai. Ta ce marigayi mijinta Akinola shi ma mai ƙaho ne, a hannunsa Lanre ya koya. Ta yi ɓari biyu kafin Lanre. Da ta samu cikinsa tsoro ya hana ta barci, sai Akinola ya zaunar da ita ya koya mata numfashin masu busa, ya ƙara da yatsun nan daga kansa. Ta ce duk yaran badujala sun iya huɗu da takwas. Amma yatsun ba na badujala ba ne, na cikin ɗaki ne. Sau ɗaya ta ba Lanre labarin, ta ce masa ya ajiye wa matarsa.

Na ɗauka za ta rungume ni. Ba ta yi ba. Ta kalli kwaɗon, ta kalle ni, ta goge fuska da gefen zani.

"Je ki gida," ta ce. "Hadari yana haɗuwa."

Na tsaya ko za ta ƙara wani abu. Ta koma tabarmarta.

*

Asabar da ƙarfe goma suka zo, Malam Japheth da kawunsa da wasu dattawa biyu, da ƙwaryar goro da kiret ɗin lemo. Aka yi addu'a. Aka yi gaishe-gaishe masu tsawo, ana tambayar gona da ruwan bana. Ina ɗaki ina jin komai, kunnena yana ƙofar gida. Duk acaɓar da ta wuce sai gabana ya faɗi. Babu wadda ta tsaya.

Aka kira ni. Na zauna a ƙasa kusa da ƙofa. Kawun Japheth ya yi bayani mai daɗi, ya ce sun ga fure a gidan nan. Sannan Baba ya gyara murya ya ce ga ta nan, ba yarinya ba ce, ta faɗa da bakinta.

Abin ya zo kamar yadda na sani zai zo. Maƙogwaro ya rufe. Ina ganin bakin mutane yana motsi ba na ji sosai. Na dai ji wani dattijo yana dariya yana cewa kunya ce, ai an gane, a miƙo goro.

Na sa hannu a ciki a gaban kowa. Ban damu da wanda zai lura da tudun ba. Na danna yatsu uku. Huɗu. Takwas. Kawun ya miƙa hannu zai buɗe ƙwarya. Na sake yi. Baba ya ce mene ne haka, Tabitha. Ban kula shi ba, na yi na uku, sai na ji wuyana ya saki.

"Baba, ku yi haƙuri. Ina da miji. Ya rasu, amma ɗan nan nasa ne, sunansa zai ci. In horo ne, ka kira sunana gobe, zan tashi tsaye."

Japheth ya rufe ido. Baba ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ya ce shi ke nan, ya ji. Ya fara ba baƙi haƙuri, muryarsa tana karyewa, ni kuma na ci gaba da ƙirgawa a zuci don kada in faɗi.

Ana cikin haka aka yi sallama.

Iya Lanre ce, cikin baƙaƙen kayanta, ita da bai kamata a gan ta a waje ba kafin arba'in. Ruwa ya jiƙa mata kafaɗa. Ta ɗauko baƙin akwati a ka, babban yatsanta na hagu a naɗe da tsumma, jini ya ɓullo. Daga baya na ji da taɓarya ta fasa kwaɗon, kuma dangin mijinta sun yi shekara biyu ba sa gaishe ta saboda haka.

Ba ta gaida kowa ba. Ta dire akwatin a kan teburin Baba kusa da goro, ta ce ita ba ta iya karatu ba, kuma ba ta buɗe ba. Ta ce da takarda ko babu takarda, cikin nan na gidanta ne. Amma tunda an ce dattijo sai ya gani da ido, to ya buɗe da hannunsa.

Baba ya buɗe. Ƙahon yana kwance, warin man da Lanre yake sa wa maɓallai ya cika falon. Na nuna masa gefen da ƙyallen ya ɗago. Ya zura yatsu biyu ya laluba. Ya laluba ɗaya gefen. Ya ɗago ya dube ni.

Sai ya ɗaga ƙahon gaba ɗaya, ga ta a ƙarƙashi, ta zame. Mai ya ɓata kusurwa ɗaya. Baba ya sa tabarau ya karanta tun daga sama har hatimi, ya koma ya sake. Ya miƙa wa Malam Japheth. Japheth ya karanta, ya ninke ta yadda take, ya miƙo min da hannu biyu. Ya ce Allah ya sauke ni lafiya. Suka tashi, ko lemon ba su ɗauka ba.

Baba bai ce min yi haƙuri ba, ba halinsa ba ne, har ya koma ga Ubangiji bai faɗa ba. Abin da ya yi shi ne ya tashi daga kujerarsa, wadda ba mai zama a kai sai shi, ya ce wa Iya Lanre ta zauna. Ya aike ni in kawo ruwan zafi da gishiri a wanke mata yatsa. Ina fita na ji yana tambayarta da ƙaramar murya ko yaron ya sha wahala kafin ya cika.

Ranar Lahadi ya karanta sanarwa. Ya ce 'yarsa Tabitha ta yi rashin mijinta, a sa ta cikin addu'a.

Sauran watannin ba su zo da sauƙi ba. Sau biyu aka kwantar da ni saboda jinin. Na sha maganin Martina, na yi ƙirgar Lanre, na haihu a watan Disamba, Iya Lanre tana riƙe da hannuna tana ƙirga min da Yarbanci. Mace ce. Kakarta ta sa mata Remi. Bana ta shiga aji ɗaya, kuma da aka tambaye ta sunan uba ta faɗa da ƙarfi har malamar ta ce ta ji.

Ƙahon yana Sabon Gari, Iya ta ce sai Remi ta yi hankali. Ni dai kullum da safe idan na buɗe shago, kafin in ɗora ƙafa a keke, nakan zauna in sa hannu a ciki, ko da yake babu kowa a ciki yanzu. In shaƙa huɗu, in saki takwas. Chinelo ta taɓa cewa ai yanzu yatsu biyu ya kamata in riƙa dannawa. Na ce mata a'a. Da na farkon nake farawa.